Wa Ke Riƙe Da Kayen Sunaye?

Ranar Asabar ta ƙarshen watan jiya, a taron ƙungiya, mun kwashe kusan awa biyu muna gardama kan abu guda: wasiƙar wata-wata da muke so mu riƙa aika wa masu karatunmu, a ina za mu ɗora ta? Wani ya ce Substack, wai can marubutan duniya suka koma. Wata ta ce mu bar wahalar da kanmu, mu buɗe tashar WhatsApp, tunda ba wanda ba ya da ita. Ma'ajinmu kuwa ya ce shi a bar shi da fotokofi, abin da hannu ya riƙe ya riƙu. Shayi ya ƙare, magana ba ta ƙare ba. Daga ƙarshe aka ce tunda ni ke karatun kimiyyar harshe, kuma na fi kowa surutu, in je in bincika in kawo a rubuce. To ga shi na kawo.

Sai dai ku yi mini haƙuri, ban fara daga Substack ba. Da na zauna da maganar sai na ga tambayar tamu tsohuwa ce. Duk wanda ya taɓa rubuta Hausa don wani ya karanta, sai da ya zaɓi hanyar da rubutun zai bi, kuma kowace hanya da mai ita. Shi ya sa na koma baya na bi sawu.

Ga sababbin shigowa, bari in faɗi abin da ya jawo gardamar. Bara muna da zaure a salula mai mutum ɗari biyu da ƴan kai: ɗalibai a Yamai, Damagaram, Tawa da Maraɗi, malaman lakkwal na ƙauye, har da ƴan uwa a Agadas da Kano. Shekara biyu muka yi muna tara su ɗaya bayan ɗaya. Ikon zauren yana hannun mutum guda, sakatarenmu na lokacin. Kan hanyarsa ta zuwa hutu aka zare masa salula a tasha. Wanda ta faɗa hannunsa ya fara turo tallace-tallacen banza, ya fitar da mu, mu kuma don haushi da kunya muka goge zauren daga wayoyinmu. Da muka zauna mu sake haɗa jama'a sai muka tarar ba mu rubuta sunan kowa a ko'ina ba. Da ƙyar muka tuno mutum arba'in. Akwai wani mushen firamare daga wajen Tanut da ke aiko mana gyaran rubutu duk wata, wallahi ko cikakken sunansa ba mu riƙe ba. Rubuce-rubucenmu suna nan, ba wanda ya ɓata. Masu karantawa ne suka ɓace mana.

Zamanin alƙalami da tawada

Kafin injin buga littafi ya iso ƙasar Hausa, rubutu da ƙafa yake tafiya. Malami ya rubuta waƙa ko wa'azi da ajami, almajiri ya kwafa da hannu, wani ya kwafa daga gare shi, fatake su sa a gafaka su kai wani gari. Wanda ke son ya ga sawun wannan aiki ya leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a nan Yamai, inda aka adana dubban takardu, tun daga waɗanda Bubu Hama ya fara tarawa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ni ɗan Maraɗi ne, kakannina suna ɗaya gefen wancan yaƙi, amma gaskiya ɗaya ce. Ta yi rubutu da Larabci, Fulfulde da Hausa, sannan ba ta bar shi a ɗaki ba. Ta kafa tsarin Ƴantaru: ta zaɓi dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa su da malfa, su zo wurinta su haddace waƙoƙi, su koma ƙauyuka su koyar da mata. Marubuciyar ta san jajinta, jaji ta san matan ƙauyenta da suna. Hanyar tana da nawa, kuma kuskuren mai kwafa yana iya shiga. Amma ba wani mutum ɗaya da zai tashi da safe ya rufe ta, domin a cikin mutane take. Shi ya sa bayan rasuwar Asma'u aikin ya ci gaba.

Injin Zariya

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1945 aka kafa kamfanin Gaskiya.

Abin da wannan inji ya kawo ba ƙarami ba ne. Abin da almajiri zai yi wata yana kwafa, inji ya fitar da dubunsa cikin kwana ɗaya. Masu karatu suka riƙa aiko wasiƙu daga garuruwa, ana bugawa, mutumin Sakkwato ya ji ra'ayin mutumin Bauchi. Ni da ke karatun harshe kuma ba zan tsallake wannan ba: a shekarun 1930 ɗin ne haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, suka zauna daram a boko. Kafin nan wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafi a gabansa. Wanda ke da inji shi ya tsai da yadda za a rubuta.

Amma injin na gwamnatin mulkin mallaka ne. Da boko take so a rubuta, alhali mafi yawan masu iya karatu a lokacin ajami suka sani. Ita ke sayen takarda, ita ke biyan albashi, kuma hanyar rarrabawa ta ofisoshin En'e da makarantu take bi. Imam ya yi amfani da wannan dama ya faɗi abubuwa masu nauyi, amma a gidan wani yake faɗa. Daga baya jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, kuma da kamfanin ya durƙushe ita ma ta yi shiru, bayan ta haura shekara saba'in. Marubutan da suka saba da shafukanta ba su fita da jerin masu karatu ko ɗaya ba, don dama ba nasu ba ne.

Wanga gefen iyaka

Mu a nan labarinmu daban ne. Lakkwal ɗin Faransa da Faransanci kaɗai take koyarwa, don haka ba mu samu wata Zariya tamu ba. Sai bayan ƴancin kai na 1960 aka fara waiwayar harsunan ƙasa. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. Sannan hukumar yaƙi da jahilci ta fara fitar da ƙananan jaridun karkara da injin roniyo, irin su Saabon Ra'ayii.

Ku dubi yadda aka rubuta sunan nan da kyau. Wasali biyu a "saabon", biyu a ƙarshen "ra'ayii". Wannan sawun taron Bamako ne na 1966, wanda UNESCO ta shirya kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma. Nijar ta bi tsarin ninka dogon wasali, Najeriya ta ci gaba da nata. Aka wayi gari harshe ɗaya yana da rubutu biyu: mutumin Ɗan Isa da mutumin Jibiya suna ciniki da baki ɗaya, a takarda kuma kowa da salonsa. Sai a taron Yamai na 1980 aka daidaita, muka bar ninka wasalin. Ɗan abin da ya rage shi ne ƴ ɗin nan da kuke gani a wagga takarda, wanda ƴan uwanmu na kudu ke rubutawa da waƙafi da y.

Jaridun karkara sun yi aiki. Manomin da ya koyi karatu da girma ya samu abin karantawa kan farashin gyaɗa, awon sikeli da lafiyar yara. Sai dai rayuwarsu a hannun kasafin gwamnati da na masu ba da tallafi take. Shiri ya ƙare, takarda da tawada su ƙare, jarida ta tsaya. Yau in ka tambayi ɗalibi a amfi ko ya taɓa ganin kwafi ɗaya, da wuya ka samu.

Shekaru masu yawa jaridar da ake gani kullum ita ce ta gwamnati, Le Sahel, da Faransanci. Mai wata magana daban sai ya koma ga takardar da ake bugawa a ɓoye, a raba hannu da hannu, kuma ɗalibai sun san wannan hanya sarai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy, uku suka rasu. Cikin shekarar nan Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haské, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan zamani. A 1991, shekarar babban taron ƙasa, Maman Abou ya kafa Le Républicain, kuma shi har gidan buga takardu ya mallaka, don ya gane cewa jaridar da ke jiran injin wani ƴancinta ragagge ne. Abin da ke ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, sunan Haské Hausa ne, cikinta Faransanci. Hausar ta fi samun wuri a gidajen rediyo masu zaman kansu da suka biyo baya. Kunne ya samu rabonsa, ido bai samu ba.

Kasuwar Kano

Daga tsakiyar shekarun 1980 wani abu ya faru a Kano wanda ya fi kama da halin da muke ciki. Tattalin arzikin Najeriya ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga ƙagaggun labarai. Matasa, mata da yawa a cikinsu, suka daina jira. Mutum ya rubuta, ya tara kuɗinsa, ya kai ƙaramin gidan bugawa, ya ɗauko ya kai kasuwa. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su taimaki juna. Daga nan aka san Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Masana suka yi ta musu ko wannan adabi ne ko ba adabi ba, jama'a kuwa suna ta saye.

Littattafan nan sun tsallako iyaka ba fasfo. Ni da Hausar boko a kansu na koya. Yayata takan yi hayarsu a wurin wani mai tebur kusa da babbar kasuwar Maraɗi, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni kuma in sace in karanta. A lakkwal ba a taɓa nuna mini ƙ ba, a nan na fara ganinta.

Marubutan Kano sun kuɓuta daga edita da gwamnati, amma sun faɗa hannun dillali. Mai shago ne ke ganin mai saye, shi ya san wane littafi ake nema, shi ke cewa a raba labari kashi uku don a sayar sau uku, kuma sau da yawa sai ya sayar yake biya. Marubuciya tana da dubban masu karatu, amma waɗanda ta sani su ne kawai waɗanda suka rubuto mata wasiƙa ta adireshin bayan littafi. Da finafinai suka zo, daga baya salula ta zo, kasuwar takarda ta ja baya, da yawa suka koma Facebook, Wattpad da zaurukan WhatsApp, suka fara tara jama'a daga farko.

Gidajen haya na intanet

Yanzu mu zo ga abin da kuka aike ni. Wasiƙar imel tsohuwar dabara ce: kana da jerin adireshi, ka rubuta abu ɗaya, ya tafi ga kowa. Kamfanoni suka gina dandali don sauƙaƙa wannan. Mailchimp ya fara a 2001. Ghost ya fito a 2013, manhaja ce buɗaɗɗiya da kowa zai iya ɗauka ya kafa da kansa. Substack ya zo a 2017 da tsari mai sauƙi: rubutu da aikawa kyauta, in ka fara karɓar kuɗi daga masu karatu su ɗauki kashi 10 cikin 100.

Amma kafin mu dubi masu rai, mu ziyarci maƙabarta. Twitter ya sayi dandalin Revue a Janairu 2021. Aka sayar da Twitter ɗin kansa a Oktoba 2022, a Janairu 2023 aka rufe Revue. Kamfanin Facebook ya buɗe nasa mai suna Bulletin a 2021, bai cika shekara biyu ba ya rufe. TinyLetter, wanda ƙananan marubuta suka fi so don sauƙinsa, yana hannun Mailchimp tun 2011. Kamfanin Intuit ya sayi Mailchimp a 2021 kan kusan dala biliyan 12 na Amurka, a Fabrairu 2024 aka rufe TinyLetter. Shi kansa Mailchimp, tsarinsa na kyauta da a da yake ɗaukar mutum 2,000 an rage shi sosai. Kusa da mu kuma, OkadaBooks na Najeriya, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafansu, ya rufe a Nuwamba 2023 bayan shekara goma.

Ba mugunta ba ce ta sa suka rufe, lissafin kasuwa ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin lura shi ne wa ya tsira. Wanda ya sauke jerin adireshin masu karatunsa kafin ranar rufewa ya ɗauka ya koma wani gida, wata mai zuwa wasiƙarsa ta fita kamar kullum. Wanda jama'arsa mabiya ne kawai a cikin manhaja, ba shi da abin ɗauka. Shi ne abin da ya same mu bara, sai dai mu ɓarawon tasha ne ya rufe mu.

Tambayoyi huɗu

Daga wannan tarihi na fitar da tambayoyi huɗu. Kowane dandali aka kawo mana, mu yi masa su.

Ta farko: sunayen masu karatu a hannun wa suke? A Substack da Ghost kana iya sauke jerin imel ɗin gaba ɗaya duk lokacin da ka so. A tashar WhatsApp, wadda aka buɗe wa duniya a 2023, mai tasha yana ganin yawan mabiya amma ba ya ganin lambar wanda ba ya cikin wayarsa. Mabiya dubu goma a can, in tashar ta tafi sun tafi. Shafin Facebook ma haka, ga shi kuma na'urarsu ce ke zaɓar wa zai ga rubutunka. Zaure yana nuna lambobi, amma iyakarsa mutum 1,024, kuma kowa na ganin lambar kowa, abin da ya sa ƴan mata da dama suka ƙi shiga namu. Jerin aikawa kai tsaye yana ɓoye lambobi, sai dai iyakarsa 256, kuma sai wanda ya ajiye lambarka saƙon zai isa gare shi.

Ta biyu: masu karatunmu a ina suke? A nan ƴar uwar da ta ce WhatsApp take da gaskiya. Na tambayi ƴan ajinmu, kusan kowa yana da imel, amma ya buɗe shi ne ranar da ya sayi salula, ko ranar neman bursi, bai sake leƙawa ba. Wasu kalmar sirrin ma mai shagon ne ya sa musu. Substack an gina shi don mutanen da ke buɗe imel da safe kamar yadda muke kunna rediyo. Ga kuma rezo da kuran. Bayan zaɓen Fabrairu 2021 an yanke intanet na salula kusan kwana goma a ƙasar nan. A Agusta 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba mu, kun tuna yadda muka yi ta yawo da caja. Ƴan uwanmu na kudu sun yi wata bakwai ba Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Hanyar da ke da makunni ɗaya, ko a hannun kamfani ko a hannun hukuma, ba a dogara da ita ita kaɗai.

Ta uku: kuɗi ta ina za su shigo? Substack da Ghost duka ta kamfanin Stripe suke karɓar kuɗi, Stripe kuwa ba ya buɗa wa mai asusu a Nijar. Ko da yana buɗawa, cikin masu karatunmu nawa ke da katin banki? Mu kuɗinmu ta Nita, Amana, Airtel Money da ire-irensu suke yawo, ko hannu da hannu. Don haka babban abin da ake yabon Substack da shi, wato biyan kuɗin wata, mu bai shafe mu ba. Ghost kuma in su za su riƙe maka sai ka biya duk wata da kuɗin waje, in kai za ka riƙe sai ka yi hayar uwar garke ka samu mai kula da ita. Wa zai yi wannan cikinmu in ya gama lisansi ya tafi?

Ta huɗu, wadda ba wanda ya ta da ita a taro: dandalin yana mutunta haruffanmu? Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna cikin tsarin Unicode, saboda haka imel da WhatsApp suna ɗaukarsu. Matsalar tana wurin zanen haruffa. Wasu zanukan da dandali ke ba ka ba su da su, sai ka ga ƙ ta fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma, ko ɗan akwati ya maye gurbinta a tsohuwar waya. Saƙon SMS kuma yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin ya ninka. Dalili ke nan da ya sa masu aika saƙo da yawa ke zubar da lanƙwasa. Wani zai ce ai ana ganewa. Sau da yawa ana ganewa, amma baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, kare da ƙare ma haka. Tun da dokar Maris 2025 ta ce Hausa ce harshen ƙasa, nauyin rubuta ta daidai ya ƙaru a kanmu. Kafin mu amince da kowane dandali, mu rubuta "ƴaƴan ɓaure sun faɗo ƙasa", mu aika wa wayoyi biyar iri dabam-dabam, har da mafi tsufa a cikinmu, mu ga yadda ta fito.

Shawarata

Ga abin da nake gani, ku kuma ku yanke.

Mu sayi kaye mai kauri. Duk wanda ya karɓi wannan ɗan littafi, ko ya nemi a riƙa aiko masa, mu rubuta sunansa, garinsu, lambarsa, da imel in yana amfani da shi, bayan mun nemi izininsa. Wanda ya ce a cire shi a cire shi ran nan. Ba za mu ba kowa jerin ba, ko ɗan takara ko ɗan kasuwa, domin amana ce. Mutum uku su riƙe kwafi a garuruwa uku, a sabunta duk wata uku. Wannan kaye shi ne ƙungiya. Sauran duk abin hawa ne.

Sannan mu hau abin hawa fiye da ɗaya. Mu buɗe Substack na kyauta don ya zama rumbu, inda tsofaffin rubuce-rubuce za su zauna a jere, kuma ƴan uwa na waje su samu ta imel. Duk ƙarshen wata a sauke jerin a ajiye. Don aikawa ta yau da kullum mu yi amfani da WhatsApp, da jerin aikawa kai tsaye, rubutun a matsayin saƙo ko ƙaramin PDF wanda ba ya cin kiredi. Ikon kowane asusu ya kasance hannun mutum biyu aƙalla, a kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, abin da da mun yi bara da ba mu shiga wancan hali ba.

Ma'aji kuma ya kwantar da hankalinsa, fotokofi tana nan. A inda muke bugawa shafi dala uku ne. Shafi 20 ya kama dala sittin, kwafi 50 jika goma sha biyar. Da tsada, na sani. Amma kwafi ɗaya a ɗakin site mutum nawa ke karanta shi? Ba ya neman caji, ba ya neman rezo, kuma in an sa shi a kar da yamma, gobe yana Damagaram. A kowane gari mu samu mutum ɗaya da zai karɓa ya raba, ya san mutanensa da suna, ya dawo mana da abin da suka ce. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, jaji ke nan.

Na san wasu za su ce na je bincike kan dandalin zamani na dawo da kaye da biro. Haka ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fi mu ƙarfi, jaridun karkara suna da gwamnati a bayansu, Revue yana da Twitter, duk sun tsaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Mu ara, don ba mu da namu tukuna, amma mu san aro muka yi.

Roƙo ɗaya na ƙarshe. In wannan ɗan littafi ya faɗa hannun wanda ya san wani mushen firamare a wajen Tanut, mai gyara wa mutane rubutun Hausa, wanda ba ya yafe wa wanda ya haɗe "ba ya" ta zama kalma ɗaya, don Allah a gaya masa muna nemansa. Shafin farko na kayen mun bar masa.